Sunan Saude Bai Fito Ba

Anka,
Litinin, 13 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ƙanena Hafizu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Muhsina da yara, da Inna da ƙafarta. Man zafin da ta ce in nemo mata yana cikin ledar da na ba Jibo direba tare da wannan takarda. Wa ya taɓa zaton za mu koma rubuta wasiƙa kamar zamanin Baba? Tun da aka katse sabis a jihar nan wayata ta koma tocila.

Da farko na gode da aikin da ka yi wa kwamfutar asibitinmu. Tun da ka sa mata sabuwar babbar manhajar nan ta daina nishin da take yi kafin ta buɗe. Har shugaban asibiti ya ce ashe ƙanen nawa ba cika baki kaɗai ya iya ba. Ban gaya masa cewa duka biyun ka iya ba.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ka san aikina: takardun gwajin jinin yara na gubar dalma su zo daga ɗakin gwaji, ni kuma in shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Kowace Alhamis kwamfuta ta fitar da jerin yaran da gubar ta yi wa yawa, ma'aikata su hau babura su bi ƙauyuka su kira iyayensu a zo a karɓi magani. Wanda sunansa bai fito ba, ba mai zuwa nemansa.

Litinin da ta wuce Baffa Dikko, aminin Baba, ya zo tun daga rugarsu ta bayan Yargalma da jikarsa Saude, 'yar shekara uku. Yarinyar ba ta cin abinci, cikinta na ciwo, kuma 'yar maganar da ta fara ma ta daina. Gwaji ya nuna gubar ta yi mata yawa ƙwarai. Da hannuna na shigar da sunanta, na ce wa Baffa ya koma gida, Alhamis za a zo masa. Alhamis ta yi, jeri ya fito, babu Saude. Na bi shi layi-layi. Yaran cikin gari duk suna nan, na Bagega, na Yargalma, na Anka. Na ruga kuwa ko ɗaya babu, alhali na san na buga sun kai goma sha biyar.

Yau da safe na sake shigar da na Saude da sauran da na samu takardunsu, ta wutsiyar ido na ga allon ya ƙifta kamar yadda yake yi tun bayan gyaranka, alamar ya karɓa. Kada ka ce mini kuskure na yi. Shekara tara ina kan kujerar nan, kuma Baba ne ya koya mini bugu a kan tafireta, da rula a hannunsa: ido a takarda, yatsu a kan aiki, mai leƙen abin da ya buga ɗan koyo ne. Don haka ka faɗa mini gaskiya, ko akwai abin da ka ɓarar garin gyaran naka?

Ka gaida kowa da kowa.

Yayarka,
Kulu

*

Gummi,
Laraba, 15 ga Satumba

Yaya Kulu,

Wa'alaikumus salam. Mun ga takarda, mun ga man zafi. Inna ta ce a gode miki, ta kuma ce wai har yanzu ba ki daina magana kamar mai yanke hukunci ba. Shinkafar fadama ta yi kyau bana, in Allah ya kai mu yanka rabonki na nan.

To, batun kwamfuta. Don Allah kada ki rataya mini jakar tsaba kaji su bi ni. A gabanki na yi aikin nan. Kafin in taɓa komai sai da na kwashe bayananku kaf a filashi, na sa sabuwar babbar manhaja, na mayar da manhajarku ta asibiti yadda take, na buga suna na adana, kika gani da idonki ya zauna. Kuma ke da bakinki kin ce na yaran gari suna fita lafiya.

Kwamfuta ba ta san Bahaushe ba, ba ta san Bafulatani ba, Yaya. Ba a taɓa ci mata gona ba, ba a taɓa kore mata saniya ba. In ta lalace, kowa take lalata wa. Abin da zai zaɓa, ya ɗauki wannan ya bar wancan, to wannan hannun mutum ne. Ruwa ba ya tsami banza. Wa ke zama kan kujerarki in kin tafi salla ko cin abinci? Wa ke riƙe da makullin ofis? Ki canza kalmar sirri, kada ki gaya wa kowa, sannan ki zuba ido.

Da na zo na duba da kaina, amma kin san halin hanya, ga mai ya yi wuya. In kin ga Baffa Dikko ki gaishe shi, Allah ya ba yarinya lafiya.

Ƙanenki wanda ba ya ɓarar da komai,
Hafizu

*

Bukkuyum,
Lahadi, 19 ga Satumba

Wannan takarda daga Dikko ce, na rugar bayan Yargalma, ta hannun Malam Zayyad mai shagon magani, wanda ya rubuta yadda aka faɗa masa.

Ɗiyata Kulu,

Sallama a gare ki. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da ɗiyanki. Allah shi jiƙan mahaifinki, mutumin kirki.

Kin ce in koma gida, Alhamis za a zo. Alhamis ta yi, munka ga masu babur na asibiti sunka shigo Yargalma, sunka kira ɗiyan gari gida-gida, sunka wuce. Na ce ƙila mantuwa ce. Wata Alhamis ta kewayo, sunka dawo. Wanga karo na tsaya bakin hanya na ɗaga masu hannu. Na gaban ya duba takarda tai, ya ce, "Baba, babu sunan ɗiyarku nan."

Saude na nan kwance. Ko nono anka ba ta sai ta kauda kai. Shekaranjiya jikinta ya yi ta fizga har Goggonta ta fashe da kuka.

Kuma ba ni ɗai ba ne. Gida bakwai muke a wagga ruga, duk mun kai ɗiya gwaji, ko guda ba a kira ba. Mutane na magana. Suna cewa an zo zamanin da ko jinya sai an dubi fuska. Ni ina ce masu a'a, akwai ɗiyar aminina a wurin, wadda ta sha nonon shanuna wata shida sadda Innarta ba ta da lafiya. Sai su dube ni. Wanga kallon ya fi mani zagi ciwo.

Ni ban san kwamfuta ba, amma na san garke. In saniya ta ɓace sau guda, daji ne. In sunka ɓace sau biyu, kuma duk masu kama guda, to akwai mai kora. Ki gaya mani gaskiya ko ba ta da daɗi. An hana ne? In an hana, in san inda zan nufa da yarinya.

Allah shi yi maki albarka.

Baffanki,
Dikko

*

Anka,
Laraba, 22 ga Satumba

Hafizu,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake. A gaida Inna da mutanen gida.

Maganarka ta tabbata. Jerin Alhamis ta biyu ma ya fito babu Saude, babu ɗan ruga ko ɗaya. Ranar Litinin takardar Baffa Dikko ta iso, na karanta ta a tsaye, kunya ta hana ni zama. Na rufe ƙofar ofis na shiga binciken kwamfutar lungu-lungu, sai ga wata folda da ban taɓa gani ba, cike da hotuna. Hafizu, hotuna arba'in da uku, kowanne hoton fom ne na yaron ruga: sunansa, sunan ubansa, da kwatancen inda rugarsu take. Wasu ma an ɗauke su sau biyu, har da Saude. Na ɗan gari ko ɗaya babu. Wato wani yana ɗaukar hoton sunayensu, sannan ya goge su. Kai ma ka san abin da ake iya yi da irin wannan jeri a ƙasar nan yanzu, ba sai na rubuta ba.

Kuma wanda ya yi wannan ya san aikin ciki da waje. Fom ɗin yaran ruga ba a adana shi kamar na kowa. Ba su da unguwa, ba su da lambar gida, manhajar asibiti kuwa ba ta karɓar fom mai gurbin adireshi a wofi sai ka danna maɓallai uku tare, Ctrl da Alt da R. Ni na san wannan, sai kuma mutum ɗaya da na taɓa nuna wa: Abdussamad, mai kula da ma'ajiyar takardu. Shi ke da makullin ofis. Shi ke zama kan kujerata in zai buga takardunsa. Bara aka kashe yayansa a gona, kuma da kunnena na ji shi ran sadakar bakwai yana cewa mutanen ruga su ma ya kamata su ɗanɗana. Kwana biyun nan ina lura da shi. In na shigo sai ya sunkuyar da kai. Jiya ya tambaye ni wai lafiya nake rufe ƙofa. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Na kai wa shugaba hotunan, na faɗi sunan wanda nake zargi. An karɓe makullin a hannunsa, an ce ya zauna a gida har a gama bincike. Da zai fita ya tsaya bakin teburina ya ce, "Kulu, ke kika ce ni ne?" Na ce ni na ce. Ya ɗauki hularsa ya fita. Ka ga ko rantsuwa bai iya yi ba.

Shugaba ya yarda a ba Saude magani da rubutun hannu, ba sai an jira jeri ba. Na kwashe labarin duka na gaya wa Jibo a tasha, na ce ya tsaya Bukkuyum ya faɗa wa Malam Zayyad a sanar da Baffa cewa an kama mai korar, ya kawo yarinya. Rana dubu ta ɓarawo.

Ka rubuto mini yadda zan adana hotunan nan kada wani ya goge shaida.

Yayarka,
Kulu

*

Gummi,
Asabar, 25 ga Satumba

Yaya Kulu,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Yau babu wasa a takardata, ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Da na zo wurin da kika rubuta maɓallai uku, sai na ajiye takardar na tashi. Akwai wata kwamfuta a shagona mai irin babbar manhajar da na sa muku. Na kunna ta, na danna Ctrl da Alt da R. Allon ya ƙifta. Na shiga foldar hotuna, sai ga hoton allon a ajiye. Na sake dannawa, ya sake ƙiftawa, hoto ya zama biyu.

Ga abin da ya faru. A tsohuwar manhaja maɓallan nan uku ba su da wani aiki, don haka in kin danna, saƙon yana wucewa kai tsaye zuwa manhajar asibiti, ta adana fom. Sabuwar kuwa ta ɗauke su ta ba su aikin kanta, wato ɗaukar hoton allo. Kamar gida ne mai Auwalu biyu, ki kira ƙaramin, babban ya amsa. Kina dannawa, babbar ta tare saƙon ta ɗauki hoto, ta asibiti ba ta ji komai ba. Ke kuma idonki na kan takarda, sai ki danna na buɗe sabon fom, wanda kika cika ya tafi ba a adana ba. Yaran gari kuwa da wasu maɓallai daban kike adana su, shi ya sa ba abin da ya same su.

Kada ki yarda da ni, ki gwada. Ki dubi rana da lokacin da ke jikin kowane hoto, ki ga ko akwai wanda aka ɗauka ba kya kan kujera. Ki dubi na Saude guda biyu, na tabbata ɗaya ran shida ga wata ne, ɗaya ran sha uku. Sannan ki buga sunan ƙarya, ki danna maɓallan, ki kalli allon. A bayan takardar nan na zana miki yadda za ki shiga saituna ki raba babbar manhajar da maɓallan, su koma wa ta asibiti.

Ni ma da nawa laifin, kuma ba ƙarami ba. Na gwada adanawa iri ɗaya na naɗe kayana, ban tambaye ki yadda kike aiki ba. Da kika tambaye ni kuma, sai na tsaya wanke kaina, na ce miki hannun mutum ne, na tura ki farautar mutane. Hannun mutum ne kuwa, sai dai ba wanda muka zata ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Jibo ba ya riƙe magana. Jiya a tashar Gummi na ji mutum uku suna cewa asibitin Anka na ɗaukar hoton sunayen Fulani yana miƙa wa masu farautarsu. In ta iso nan, ta riga ta kwana a Yargalma. Ban ga yadda Baffa zai kawo yarinyar nan ba yana jin haka. Ki rubuta masa da hannunki, kada ki sake aika baki. Batun Abdussamad kuwa ba sai na gaya miki ba.

Allah ya rufa mana asiri.

Ƙanenki,
Hafizu

*

Anka,
Talata, 28 ga Satumba

Malam Zayyad, don Allah ka karanta wa Baffa wannan duka, kada ka tsallake ko kalma ɗaya don jin nauyina. In da hali a karanta a gaban Ardo da mutanen ruga.

Zuwa ga Baffana Dikko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Goggo da dukkan mutanen gida. Ya jikin Saude? Allah ya sauwaƙe mata.

Baffa, ka tambaye ni ko akwai mai kora. Akwai, kuma ni ce. Ba da nufi ba, Allah ne shaidata, amma da yatsuna ne sunan Saude ya ɓace, har sau biyu.

An yi wa na'urar da nake aiki da ita gyara, sai aka canza aikin wasu maɓallai ban sani ba. Inda nake dannawa a da in rufe sunan yaron ruga a ciki, yanzu in na danna hoton rubutun kawai take ɗauka ta ajiye, sunan kuma ya fice. Kamar a canza maka sakatar ƙofa ne, kana turawa kana tafiya, kana zaton ka kulle. Da na ɗaga ido sau ɗaya da na gani. Ban ɗaga ba, saboda ina taƙamar na iya. Ranar Lahadi na gwada ina kallo, na ga komai da idona, na zauna na yi kuka. Hotunan nan babu wanda ya ɗauka sai ni, kuma babu inda suka je. Suna cikin na'urar. In Ardo yana so ya zo, a goge su yana gani.

Maganar da ta iso muku cewa ana miƙa sunayenku ga wasu, daga bakina ta fita. Zato na yi, na faɗe shi a tasha kamar na gani. Na shafa wa abokin aikina Abdussamad kashin kaji, aka kore shi gida. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani. Ni da maigidana mun je har gidansa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Abin da na faɗa kan mutuwar yayana na faɗa, ba zan musa ba. Amma yaro bai kashe mini kowa ba." Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban ga fuskar roƙo sau biyu ba. Jiya ya dawo aiki. Shi ya zauna yana karanto mini sunaye daga hotunan ina sake shigarwa, yara ashirin da tara. Da ya zo kan Saude ya ga yawan gubar, ya ce a sa ta farko.

Ma'aikatanmu sun zo rugarku ranar Asabar, aka ce musu babu kowa, alhali suna jin kukan yara. Ban ga laifinku ba. Amma Baffa, gubar nan ba ta jira. Maganin Saude yana nan an ware, da na sauran. Ko ba za ka sake yarda da maganata ba, ka kawo ta don darajar wanda kuka yi amana da shi.

Ina neman gafararka da ta dukkan mutanen ruga.

'Yarka,
Kulu

*

Bukkuyum,
Alhamis, 30 ga Satumba

Ɗiyata Kulu,

Sallama a gare ki. An karanta takardarki gaban Ardo, sau biyu.

Ta iske gida uku sun riga sun tashi tun ran Juma'a, da ɗiya tara cikin waɗanda anka gwada. Sun yi yamma, ba mu san inda sunka sauka ba. Ɗana Yakubu ya bi sawunsu da takardarki cikin aljihu. Ko shi cim masu, Allah masani.

Batun maɓalli ban gane ba, Ardo ma bai gane ba. Amma ya ce tun da yake bai taɓa jin ma'aikaci ya rubuta "ni ne" da hannunsa ba. Wasu sun yarda, wasu ba su yarda ba.

Gobe in Allah ya so muna tafe da Saude, da ɗiyan gidaje huɗun da sunka rage. Ki gaida wanga Abdussamad, ina son in gan shi.

In mun zo, ki rubuta sunanta ina tsaye. Kuma ki duba.

Baffanki,
Dikko